Kafin a Buɗe Bawul: Nasiha ga Samarin Daura Masu Koyon Aikin Esi

Duk wanda ya san Daura shekaru goma sha biyar da suka wuce, in ya zaga ta yau zai ga abin da ya ƙaru a jikin bangwaye: fararen akwatuna masu fanka, an kafe su da ƙarfe a bayan ofisoshi da asibitoci da masaukan baƙi da gidajen masu hali. A 2019 kaɗai garin ya samu Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya, aka buɗe asibitin sojojin sama, a watan Disamba kuma aka aza harsashin Jami'ar Sufuri. Kowane sabon gini da nasa iyakwandishan yake zuwa, wanda kowa ke kira esi. Mutum ne ya kafa shi, mutum ne kuma za a nema ran da ya daina sanyi. Sana'a ce ta buɗe wa samarin masarautar, daga cikin gari har Zango da Sandamu da Mai'adua da Baure, kuma da yawa sun riga sun shige ta. Ana ganinsu a kan babur, tsani a kafaɗa, tukunyar gas tsakanin ƙafafu.

Da bazara ta kama, zafin Afrilu ya haura digiri 40, wayar mai gyara ba ta hutawa. Ya zo, ya tara hannu a bakin iska, ya maƙala geji, ya dubi maigidan ya ce, "Alhaji, gas ne ya ƙare." Alhaji ya biya, a ɗura, sanyi ya dawo. Bayan wata uku ko huɗu a sake kiransa a kan magana ɗaya. Ba mai mamaki, domin mutane sun ɗauka gas ɗin esi kamar fetur yake a tankin babur, ana tafiya yana raguwa.

Ba haka abin yake ba, kuma wannan ne karatun farko da ya kamata yaron shago ya haddace tun kafin ya iya riƙe sifana. Esi ba ya ƙona gas, ba ya cinye shi. Zagaye gas ɗin yake yi cikin rufaffen bututu. Yakan shiga kan ciki, wato akwatin da ke cikin ɗaki, yana ruwa, ya tafasa a can saboda ƙarancin matsi, tafasar ta kwashe zafin ɗakin. Kwamfireso ya zuƙo shi, ya matse shi har ya fi iskar waje zafi, fankar kan waje, wato akwatin da ke bayan bango, ta hure zafin, ya koma ruwa, ya bi ta siririn bututu ya sake shiga ɗaki. Giram ɗin da kamfani ya zuba ranar da aka ƙera na'urar su ne za su yi ta kai-kawo shekara goma ko fiye. In sun ragu, to akwai ƙofar da suke bi suna fita. Wanda ya ɗura sabo bai nemi ƙofar ba ya watsa kuɗin Alhaji a iska. In yana sane ya yi, cuta ce; in bai sani ba, bai gama koyo ba.

Abin da ke wahalar da esi a ƙasarmu shi ne wurin zubar da zafin. Iska kan waje yake miƙa wa zafin da aka kwaso daga ɗaki, ita kuwa iskar da ta kai digiri 42 da azahar ba ta karɓa da sauƙi. Dole kwamfireso ya ƙara matsi, ya ƙara jan wuta, sanyi kuma ya ragu a daidai lokacin da aka fi buƙatarsa. Saboda haka masu ƙera esi suka kasa shi aji-aji: mai alamar T1 an yi shi don iskar da ba ta wuce digiri 43, mai alamar T3 yana jurewa har 52. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano da ake saukewa a kasuwanninmu don ƙasashe masu sauƙin zafi aka ƙera su. Yaron da ya ɗauki irin wannan ya kafe kan wajensa a bangon yamma, inda ranar la'asar ke dukansa, ko ya cusa shi a lungun da iskarsa mai zafi ke dawo masa, ya riga ya cuci na'urar tun ba a kunna ta ba.

Wasu ƙasashen sun bi ta wata hanyar: maimakon iska, sai su miƙa wa ƙasa zafin. Duk wanda ya taɓa jan guga ya san dalili, daga rijiyar Kusugu har rijiyoyin ƙauyukan bakin iyaka. Ruwan rijiya da sanyinsa yake fitowa a bazara, da asubahin hunturu kuma a ji shi da ɗumi-ɗumi. Ba ruwan ne ya sauya ba, iskar sama ce ke hawa da sauka. Daga zurfin kamar mita goma, zafin ƙasa kusan a tsaye yake rani da damina, kusa da matsakaicin zafin garin na shekara. A kan wannan aka gina na'urar da ke musayar zafi da ƙasa. A haƙa ramuka irin na burtsatse, mita 50 zuwa 150, a zura baƙin bututun roba mai lanƙwasa a gindi, a cike ramin, famfo ya riƙa zagaya ruwa a ciki. Ruwan nan ne ke karɓar zafi daga gas ɗin, ba fanka ba. In sanyi ya shigo, wani bawul ya juya tafiyar gas, na'urar ta koma ɗebo ɗumin ƙasa tana kai wa ɗaki.

Tunanin ba na jiya ba ne. Wani injiniya a Suwizalan, Heinrich Zoelly, ya yi masa rajista a 1912, a ƙarshen shekarun 1940 kuma wani Ba'amurke mai suna Robert Webber ya binne bututun jan ƙarfe ya ɗumama gidansa da shi. Yau a Suwidin gidaje dubu ɗaruruwa da ita suke jin ɗumi. Jami'ar Ball State da ke jihar Indiyana ta Amurka ta haƙa ramuka fiye da 3,000 don gine-ginenta 47, ta daina ƙona kwal a 2014.

Daga cikin waɗannan na'urori akwai mai kashi biyu, irin tsarin esin bango. Kwamfireso da mahaɗar ruwa suna akwati ɗaya, fanka da naɗin bututun da ke sanyaya iska suna wani wurin, bututun jan ƙarfe biyu ne ke haɗa su. Kamfani ya cika akwatin kwamfireso da gas ya kulle bawul. Bututun nan biyu kuwa mai kafawa ne zai yanka, ya yi musu walda, ya gwada su, ya tsotse iskar da ke ciki, ya ƙara gas gwargwadon tsawonsu. Wanda ya buɗe littafin da kamfanoni irin su WaterFurnace da ClimateMaster ke haɗowa da ita, ya je shafin haɗa bututu, ba zai ga baƙon abu ba. Abin da littafin esi mai doki ɗaya da rabi ke faɗi ke nan, littafin da a nan ake jefarwa tare da kwali.

Ko za ta yi a Daura? A ƙa'ida za ta yi, domin ƙasar da ke kusa da digiri 30 ta fi iskar azahar ta Afrilu sauƙi da fiye da digiri goma, kuma kwamfireso zai ji bambancin. Amma kuɗin ramukan ba wasa ba ne, sa'an nan mu kusan shekara duka zuba zafi za mu riƙa yi, ba ɗeba ba, don haka ƙasar da ke kewaye da bututun za ta yi ta ɗumama in ba a yawaita ramukan ba. Ba kasuwar gobe ba ce, kuma kada wani saurayi ya sayar da babur ɗinsa yana jiranta. Abin da ke cikinta na amfani shi ne, hannun da ake nema wajen kafa wannan na'ura mai tsada shi ne dai hannun da esin shagon aski ke nema.

Yawancin yoyon da ake fama da shi a bazara ta uku, ranar kafawa aka shuka shi, a bakin bututu. Da abin yankan bututu ake yanka jan ƙarfe, ba da zarto ba, domin garin ƙarfen da zarto ke zubarwa ciki yake shiga, ya tafi kwamfireso. A kankare bakin yana kallon ƙasa, don tarkacen ya faɗo waje. A zura noti kafin a faɗaɗa bakin. Babu yaron da bai taɓa mantawa ba, ya gama faɗaɗa baki mai kyau sa'an nan ya ga noti a ƙasa yana kallonsa. Bakin da aka faɗaɗa ya kasance sumul, ba tsaga, ba karkata, tunda shi kaɗai ne zai tare matsin gas, babu roba babu gam. Ɗaurin noti kuma yana da awo: na kwatan inci wajen Nm 16, na rabin inci wajen 55, kuma akwai sifana mai ƙara idan an kai. Wanda ya sassauta, gas ya tsiyaya a hankali. Wanda ya nuna ƙarfin samartaka, bakin ya tsage, ya tsiyaya bayan 'yan watanni na zafi da sanyi da girgiza. Shi kansa bututun abin dubawa ne, don akwai mai siririn jiki da ba ya jure matsin sabbin gas, akwai kuma alminiyam da aka yi wa rigar jan ƙarfe. Araha ba ta ado. A garin da ƙurar hunturu ke shiga har cikin tukunyar miya, bututun da ba a toshe bakinsa ba kafin a zura shi ta ramin bango ya riga ya kwashi rabonsa na yashi.

Inda aikin ya kai ga walda, kamar manyan na'urori da waccan ta ƙasa, ana sakin iskar naitirojin kaɗan-kaɗan ta cikin bututun yayin da wuta ke kansa. In ba haka ba, cikin jan ƙarfen yakan yi baƙin ɓawo, gas ya wanke shi ya kai shi inda zai toshe. A kuma naɗe bawul da jiƙaƙƙen tsumma, kada zafi ya cinye robobin cikinsa.

Bayan haɗi sai gwaji. A cika bututun da naitirojin har matsin da kamfani ya rubuta, a shafa kumfar sabulu a kowace mahaɗa, a bar allurar geji ta tsaya a ga ko za ta sauka. Tukunyar naitirojin matsinta ya haura psi 2,000, ba a buɗe ta sai da abin daidaita matsi. Nan ne wurin da ya kamata kowane maigida ya ja kunnen yaransa da ƙarfi: tukunyar oksijin ta masu walda tana nan kusa, tana da matsi, ta yi kama da waccan. Oksijin in ya haɗu da man kwamfireso a ƙarƙashin matsi fashewa yake yi, kuma wanda ke durƙushe a gaban na'urar shi zai fara samu. Ba a gwada esi ko firji da oksijin, ko sau ɗaya, ko don gaggawa.

Sai babban aikin da aka fi tsallakewa, wato tsotse iska. Abin da aka saba gani shi ne, yaro ya ɗaure bututu, ya ɗauko alanki ya buɗe bawul kaɗan, ya danna allurar ɗaya ɓangaren, a ji tsssss na 'yan daƙiƙu, ya ce iska ta fita. Ba ta fita ba. Wani kaso ne ya fita tare da gas ɗin da kamfani ya auna ya zuba, sauran ta gauraya ta zauna. Iska kuwa ba ta komawa ruwa a kan waje kamar gas, sai ta tare wuri, matsi ya hau, kwamfireso ya yi zafi, mita ta yi gudu. Tun da aka ɗaga kuɗin wutar masu rukunin A zuwa naira 225 kowane yunit a Afrilun 2024, bayan cire tallafin mai a Mayun 2023, wannan ƙarin jan wutar ya zama abin da maigida ke ji a aljihu, ko da wutar gwamnati yake ko da janareto. Wanda ya koma sola, batirinsa ne zai mutu kafin asuba.

Laimar da ke cikin iskar ta fi iskar illa. Man da ke cikin kwamfireson R410A da R32 mai shan laima ne, in ya sha kuma sai ya rikiɗe ya fitar da asid, asid ɗin ya riƙa cin rufin wayoyin motar kwamfireso a hankali. Ɗigon ruwan da ya tsira ya je bakin siririn bututu ya daskare, sanyi ya ɗauke, a kashe na'ura ƙanƙarar ta narke, a kunna ta yi kamar lafiya lau. Bayan shekara ɗaya ko biyu kwamfireso ya ƙone, a ce wuta ce ta kawo da ƙarfi. Wani lokacin wutar ce. Sau da yawa kuwa minti talatin ɗin tsotse iska da aka ƙi kashewa ranar kafawa ne.

Injin bakyum, wanda ake tsotse iskar da shi, ba iska kaɗai yake ja ba. Yana rage matsin cikin bututu har ruwan da ya lafe a ciki ya tafasa ba tare da wuta ba, ya fita a matsayin tururi. Matsin iskar da muke shaƙa maikiron 760,000 ne. Ƙa'idar aikin ita ce a sauko da shi zuwa 500, inda ruwa ke tafasa ko da sanyi ya kai digiri 24 ƙasa da sifiri. Gejin allura ba ya ganin wannan. Incin ƙarshe na allurarsa kaɗai ya ƙunshi maikiron fiye da 25,000, don haka bututun da ke kan 5,000 da wanda ke kan 500 duk ɗaya suke a idonsa. Sai da ƙaramin gejin maikiron mai lambobi. In an kai 500 a rufe bawul ɗin injin, a jira kamar minti goma. Lambar ta hau ta tsaya, akwai sauran laima, a ci gaba da ja. Ta yi ta hawa ba tsayawa, akwai ƙofa, a koma neman ta. Ta zauna, to yanzu ne alanki ke da izinin taɓa bawul.

Samari za su ce kayan nan da tsada, ga shi mai esi wanda ya fi araha yake kira, ga wuta ba kullum ba. Duk gaskiya ne. Amma injin bakyum da sikeli da gejin maikiron ba sai kowa ya mallaki nasa a shekarar farko ba. Yara huɗu da suka fito daga shago ɗaya za su iya yin adashi su saya, su riƙa karɓa-karɓa, ƙaramin janareto kuma ya ishi injin. Mai esi ma ba wawa ba ne. In an yi masa bayani da ladabi, "Ranka ya daɗe, wannan rabin awar ita ce za ta hana a sake kirana a kan gas," aka kuma nuna masa lambar tana sauka a idonsa, da wuya ya ƙi ƙarin da aka nema. Ofisoshi da asibitoci masu esi ashirin ko talatin, su ne suka fi kowa gane bambancin, domin su ke riƙe da lissafin kwamfireson da suka canza.

Ɗurin gas da sikeli ake yinsa. A jikin kan waje akwai farantin da kamfani ya rubuta nau'in gas da nauyinsa, sau da yawa ƙasa da kilo ɗaya a ƙananan esi. Wannan nauyin yakan ishi bututu mai tsawon kamar mita biyar. In ɗakin Hajiya yana can ƙurya har bututu ya kai mita goma, sai a ƙara na mita biyar ɗin da suka hau, wajen giram 20 kowace mita in siririn bututun mai kwatan inci ne. A manyan na'urori masu bututu mafi kauri ƙarin yakan kai giram 55 a mita. Takamaiman adadin yana cikin littafin. Abin da ake yi a maimakon haka sananne ne: a buɗe tukunya, a riƙe babban bututu da hannu har ya yi raɓa, ko a kalli allura har ta kai lambar da aka gada daga maigida. Lambar nan ta R22 ce, wajen psi 60 zuwa 70. R410A kusan ninkinta yake aiki, 110 zuwa 130, kuma duka biyun suna motsi da zafin rana da dattin na'ura. A esi mai inbata, wanda kwamfiresonsa ke sauya gudu da kansa, allura ba ta ma tsayawa wuri ɗaya balle a dogara da ita. Gas in ya yi yawa illarsa ba ta gaza ta ƙaranci ba: ruwansa ya koma wa kwamfireso, shi kuwa tururi aka yi shi ya matsa, ba ruwa ba.

Kowane gas da halinsa. R410A haɗin gas biyu ne, R32 da R125 rabi da rabi, don haka a ruwansa ake ɗura shi, a kifa tukunyar, a riƙa saki kaɗan-kaɗan. Ba a zuba shi a na'urar R22, ba a zuba R22 a tasa, domin matsi da mai duk sun bambanta. R32 yana kama wuta, ko da yake ba da saurin gas ɗin girki ba. R290 da R600a na sabbin firji kuwa 'yan gida ɗaya ne da gas ɗin girki, tartsatsi ɗaya ya ishe su a rufaffen ɗaki. Wannan dangantakar ce ke ruɗar wasu su ɗura na girkin kai tsaye, alhali ba a tace shi don wannan aiki ba, na'urar da aka ɗura wa kuma ba a ƙera makunnanta don gas mai kama wuta ba. Ruwan gas in ya fesu a fata ƙuna yake yi, tunda R410A a digiri 51 ƙasa da sifiri yake tafasa. Safar hannu da tabarau ba gayu ba ne. In ya haɗu da harshen wutar walda kuma hayaƙi mai guba yake fitarwa.

Akwai kuma jabu. A 2011 kwantenoni masu sanyi na jiragen ruwa sun fashe a Biyetnam da Barazil, mutum uku suka mutu. Da aka bincika, sai aka tarar an ɗura musu gas da aka sayar da sunan R134a, alhali an gauraya shi da R40, wanda ke cin alminiyam ɗin cikin kwamfireso ya haifar da sinadarin da ke kama wuta da ya ji iska. Manyan kamfanonin jiragen ruwa ke nan aka yi wa haka. Tukunyar da farashinta ya faɗi ƙasa da na kowa a kasuwa, ba a san ta inda ta biyo ba, abin tsoro ce.

Gas ɗin da yaro ya fara koyo da shi ba shi zai tsufa da shi ba. Yarjejeniyar Montreal ta 1987 ita ta kori R12 na tsofaffin firji saboda yana cin lemar ozon da ke tare mugun hasken rana, kuma ita ke korar R22 yanzu: ƙasashe masu tasowa irin Nijeriya sun ɗauki alkawarin rage kashi 67.5 cikin ɗari zuwa 2025, su kusan gamawa da shi a 2030. Gyaran da aka yi wa yarjejeniyar a Kigali a 2016, wanda Nijeriya ta amince da shi a 2018, ya waiwayi R410A da 'yan uwansa, ba don ozon ba, don ɗumamar yanayi. Kilo ɗaya na R410A da aka saki a iska daidai yake da fiye da tan biyu na hayaƙin kabon. Na R32 kashi ɗaya cikin uku na wannan. Na R290 bai kai a ambata ba. Ma'anar wannan ga mai sana'a a fili take. Tsohon gas zai yi ta tsada, sababbin kuma masu kama wuta ne, ba sa yafe sakacin da R22 ke yafewa. Akwai ofishin kula da ozon a Ma'aikatar Muhalli ta Tarayya, akwai ƙungiyar masu aikin sanyi ta ƙasa, NARAP, kuma ta hannunsu horo kan sababbin gas ke biyowa. Saurayin da ya ji labarin irin wannan horo a Katsina ko Kano, kuɗin motar ba asara ba ne.

Sau da yawa ma ba gas ba ne. Esin da ya sha ƙurar hunturu wata uku, ragar kan ciki ta toshe, haƙarƙarin kan waje ya cika da yashi, zai daina sanyi da gas ɗinsa cif. Har ƙanƙara yakan yi a bututu saboda iska ba ta ratsawa, wanda bai sani ba ya ce alamar ƙarancin gas ce, ya ɗura a kan cikakke. Kafasita in ta mutu, fanka na juyawa amma kwamfireso gurnani kawai yake yi. Wuta in ta yi ƙasa, haka. Wanki da ruwa, da mitar auna wuta, da ma'aunin zafi a bakin iska, su ake fara gabatarwa kafin a sauke tukunya daga babur. Kuɗin wanki bai kai na ɗuri ba, kuma nan ne ake gane yaron da za a miƙa wa maƙwabci lambarsa.

Ma'aikata na yawan tashi daga Daura in an yi musu canjin wurin aiki, don haka cire esi ma aiki ne na kullum. Ana rufe siririn bawul, a bar kwamfireso ya tattara gas a kan waje, a rufe babban, a kashe nan take, sa'an nan a kwance bututu. Wanda ya kwance bututu kwamfireso na aiki bawul a buɗe, ko ya yi wannan tattarawar a na'urar da ke yoyo, iska yake tura wa cikin mai mai zafi a ƙarƙashin matsi, kuma kwamfireso na iya tarwatsewa.

In an gama kowane aiki, a ɗauki alƙalamin da ba ya gogewa a rubuta a cikin murfin bawul: ranar aiki, nau'in gas, tsawon bututu, giram nawa aka ƙara, maikiron nawa aka kai. A kwafe a littafin aljihu tare da sunan unguwa. In bayan wata shida aka kira a kan esin nan aka tarar gas ya ragu, rubutun zai nuna wa yaron cewa mahaɗar da ya ɗaure da hannunsa ce ta saki, sai ya ɗauko naitirojin da kumfar sabulu ya nemo ta, ya sake faɗaɗa bakin, ya tsotse, ya auna, kuma a wannan karon ba Alhaji ne zai biya ba.